Furar da Inna Safi ta zubar

Wanda duk ya taɓa ɗaukar buhu a kasuwar albasa ta Malanville ya san rumfar Inna Safi, ko da bai san sunanta ba. Tana nan gefen da manyan motoci ke lodi, ƙarƙashin dogon yaro, da ƙwaryar nono a rufe da faifai, da ludaya cikin bokitin ruwa. Fura take sayarwa tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu sha. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma iya kiran ciniki irin na sauran mata ba. Ƙamshin citta da kanumfari ne ke yi mata kira.

Ita ce ɗiyar fari ga kakanmu Na-Allah, wanda ya yi fataucin kanwa da gishiri tsakanin nan da Gaya har ƙafafunsa suka gaza. Matarsa ta rasu ba a yaye autansu Rachidi ba, sai Inna Safi ta bar lakwal, wato makarantar boko, ta goya shi. A bayanta ya koyi magana. Dangi kan ce ko kuka zai yi sai ya waiwaya ya ga ko tana kusa. Daga baya ta yi aure a Guéné, mijin ya rasu ba su samu haihuwa ba, ta dawo gidan ubanta da turminta da ƙorenta. Manema sun zo, ta ce a bar ta, tana da ɗa a gida.

Kawu Rachidi ya tashi saurayi mai fara'a da son raha. Kabu-kabu yake yi da moto, wato babur, yana ƙetare gada da fasinja zuwa Gaya ya dawo da wasu, har 'yan duwan, wato kwastan, sun san ƙarar motonsa. Ciwon ya zo masa yana cikin ƙarfinsa. Da farko barci ne ya ƙaurace masa. Sai ya fara cewa rediyon da ke bakin gada sunansa take kira. Wata rana ya ajiye moto a tsakiyar gada da makulli a jiki, ya kama tafiya a ƙasa, sai a gonakin shinkafa aka samo shi yana gardama da wanda ba a gani.

An yi abin da aka saba yi. An kai shi wurin wani malami a wani ƙauye, aka sa masa mari a ƙafa, ya yi damina guda a can. Inna Safi ce ta je duba shi, ta ga ƙarfen ya ci fata har ƙuda na bi, ta zauna a ƙofar malamin ta ce ba ta tashi sai an kira maƙeri. Bayan wannan sai maza huɗu suka ɗaure shi da rawani, suka sa shi a mota zuwa wani asibiti a kudu. Can aka danne shi aka yi masa allura, ba wanda ya ce masa ga dalili. Ya dawo hankalinsa a kwance, da ƙullin farar ƙwaya da aka ce ya riƙa sha kullum. Kwana kaɗan da dawowarsa ya tafi bakin gulbi ya watsa ƙwayar cikin ruwa, ya rantse abin da ya fito daga hannun waɗanda suka danne shi ba zai ƙara bi ta maƙogwaronsa ba. Kafin wata ya ƙare ciwon ya fara leƙowa, maza suka fara maganar rawani da mota.

A gidanmu, kamar gidaje da yawa a garin nan, ba a faɗa wa marar lafiya sunan ciwonsa. Kakanmu ya kwanta ciwon ajali kowa ya san abin da likita ya ce, shi kuwa ana ce masa ciwon shawara ne, za ta wuce. Ba a ɗaukar wannan ƙarya. Tausayi ake ce masa, kuma wanda ya fasa maganar shi ake yi wa kallon marar imani. Don haka ranar da Inna Safi ta je ƙaramin asibitin gari ta karɓo irin ƙwayar nan, ta niƙa guda da bayan ludayi ta dama a furar ƙanenta, ta ƙara citta da barkono don su ɓoye ɗacin, ba wanda ya ga laifinta. Shi kuma aka ce masa rubutun wani malami ne ake sha masa daga nesa, Allah ya karɓa.

Ya samu sauƙi. Bai koma kan moto ba, don hannunsa ya fara 'yar rawa, amma ya koyi ɗinkin bakin buhu da basilla, ya zauna kusa da rumfar yayarsa. Kullum da hantsi sai ta miƙa masa furarsa a ƙoƙonsa na musamman, wanda ba a ba kowa. In azumi ya zo sai ta mayar da ita lokacin buɗa baki. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Abu ɗaya ne ya rage: barci. Da ya sha fura, kafin azahar idonsa ya yi nauyi, sai a gan shi a kan buhu baki buɗe, basilla a hannu. La'asar takan wuce shi, asuba kuwa sai an buga ƙofa an gaji. 'Yan dako suka laƙaba masa Sarkin Barci. Yakan yi dariya tare da su.

Tsohon majo, wato babban mai jinya na asibitin, bai taɓa tambayar ta komai ba. In ta zo sai ya ba ta, su gaisa, ta tafi. Da ya yi ritaya aka kawo wani matashi mai suna Souleymane. Zuwanta na farko ya juya kwalin maganin a hannunsa ya dube ta.

"Inna, wa ke shan wannan?"

"Ƙanena na."

"Yana ina?"

"Shina kasuwa wurin aikinai. Lahiya lau shike."

"Madalla. To ki ce masa ya zo mu gaisa."

"Ba shi son asibiti, Majo."

"Ya dai san yana sha?"

Ta gyara mayafinta, ta dubi bango.

Majo Souleymane bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai hana ta maganin ba, don yanke shi dare ɗaya ya fi komai haɗari. Amma ya ce jikin na Rachidi ne. In hannunsa na rawa, in harshensa na nauyi, shi ne zai faɗa, don shi ke cikin jikin, kuma akwai abin da ake ragewa ko a sauya in an ji daga bakin mai sha. Ya ce ko a Najeriya an ajiye tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa, an kawo sabuwa wadda ke maganar haƙƙin marar lafiya da neman yardarsa. Su ma nan abin da ake koya musu ke nan yanzu: mutum in yana cikin hankalinsa, a yi magana da shi, kada a yi ta kansa yana zaune.

"Doka ba ta goye shi ba," in ji Inna Safi. "Ba ta kuma je ta hidda shi cikin mari ba."

"Gaskiya ne, Inna. Ke kika yi. Shi ya sa nake so ke ki kawo shi."

Ta ce to, in Allah ya so. Wata ya bi wata tana kawo uzuri, yana karɓa yana maimaita maganarsa. A hanyar gida takan yi ta gardama da shi a zuci, kuma kullum ita ke cin nasara, sai dai gardamar ba ta ƙarewa.

Da aka rufe gada tsakaninmu da Nijar kasuwa ta yi sanyi, ɗinkin buhu ya ja baya. A lokacin ne Alhaji Abdurra'uf, babban dillalin albasa, ya kira Kawu Rachidi ya ce yana neman mai rakiyar kaya zuwa Kwatano, mutumin da zai hau mota da buhunan, ya tsaya a kansu har a sauke a sayar. Ya ce ya daɗe yana lura da shi, bai taɓa ganin ya sa albasa guda a aljihu ba. Rabon da wani ya kira Kawu Rachidi don a ba shi amana tun kafin ciwonsa. Ya shigo gida ran nan yana tafiya kamar mai shekara ashirin.

"Yaya, za ni Kwatano."

"Kai da wa?"

"Ni da albasa. Da Manzo direba."

"Hanyag ga da nisa, Rachidi. Ga jandarma, ga zahi. Kai da ba ka saba ba."

"Ke kuma kin saba? Iyakarki Kandi, can ma amai kinka yi ta yi."

Ta yi murmushi don ya ga ta yi. Tafiyar Kwatano ba ta kwana ɗaya ba ce. Sai an je, sai an jira kasuwa, sai an samu kayan dawowa. Wa zai dama masa fura a can? Ta san abin da ke biyo baya in maganin ya yanke, kuma ta san a bakin teku ba wanda zai ce ɗan gidan Na-Allah ne, a bi shi a hankali. Hana shi kuwa ba ta iya ba, ta ga fuskarsa. Faɗa masa gaskiya ma ta auna, ta tuna ƙwayar da ya watsa a gulbi, ta ajiye.

Sai dabara ta zo mata, ta irin sana'arta. Ta surfa gero mai kyau, ta kirɓa dawo mai tauri, ta cura shi ƙanana, kowane curi ta tura niƙaƙƙiyar ƙwaya guda a cikinsa, ta mulmula shi a gari ta shanya don ya jure hanya. Ta ƙulle a farin ƙyalle. Da safen tafiya ta ba shi a zaure.

"Wanga naka na, kai ɗaya. Guda guda kowace rana, ko da ruwa ka dama. Kada ka ba kowa."

"To, Yaya," in ji shi, irin to ɗin da ake ce wa manya.

Abin da ta manta kuwa abu ne da take gani kullum daga rumfarta. Guzuri in ya iso gindin mota ya bar hannun mai shi. Direba da mai rakiya da duk wanda zai hau sukan tara abin da aka ƙullo musu daga gida, kuma kafin a tada mota sai an zauna an sa hannu a kwano ɗaya, don a ce an ci tare kafin a hau hanya tare. Mutumin da ya ɓoye ƙullinsa ya juya baya ya ci shi kaɗai, ba a ƙara tafiya da shi. Ita kanta ta sha zuba musu nono a irin wannan zama. Tsoro ne ya rufe mata ido, ta lissafa komai ban da wannan.

Hantsi ya yi, an gama lodi ana ɗaure tanti. Tana cikin sallamar wani ɗan dako sai ga Manzo direba, gajere mai ƙaton ciki da baki kamar reza, ya taho da babbar roba a hannu.

"Yaya Safi, zuba muna nono na kirki, ban da ruwan gulbi. Yau Sarkin Barci ya zama sarkin tahiya, shi ad da walima."

Daga can Kawu Rachidi ya ce, "Kai dai riƙe sitiyari, bar ni da barcina."

"Zan ɗaure ka da igiyar tanti, kada ka hwaɗo muna a Kandi a ce buhu ya ɓace."

Aka yi dariya. Inna Safi ta miƙa hannu ta karɓi robar, ta duba ciki. Dawonta ne. Ta gane shi da jan barkonon da ke jikinsa. Ya fi rabin ƙullin, an marmashe shi wuri ɗaya, maganin kwanaki a kwano guda. Ta dubi Manzo, ta dubi motar da aka tula wa albasa har sama, ta tuna yadda guda ɗaya tak ke kwantar da ƙanenta kafin azahar. Wannan mutumin ne zai sha ya ƙoshi, ya hau kwalta.

Ta tashi ta taka zuwa bakin kwata, ta kife robar, ta bi da ruwan bokiti, ta sa ƙafa ta tura sauran cikin laka don kada awaki su samu. Ta dawo ta ɗauke farin ƙyallen daga inda aka ajiye shi, ta cusa a zanenta.

A garin nan ba a zubar da abinci, balle hatsi, balle a gaban mayunwata.

"Subhanallahi," in ji Manzo a hankali. "Mi munka yi miki?"

"Ya lalace."

"Dawon da kinka kirɓa jiya? Ni na marmasa shi da hannuna, ƙamshi shika yi."

"Na ce ya lalace. Ku zamna in dama muku wani."

Ba wanda ya zauna. Wata mai tuwo da ke rumfar gaba ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Abin da mai shi ta ƙi bari a sha, ita ta san mi ag ciki." Inna Safi ta ga maganar tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ta san sunan da za a ba abin kafin la'asar: sammu. Kalma ɗaya za ta wanke ta. Amma Alhaji Abdurra'uf na tsaye a gindin mota yana kallo, kuma kalmar nan ita ce za ta gaya wa kasuwa duka, da mutumin da ya ba ƙanenta amana, cewa lafiyar da suke gani a ƙoƙo take. Ta ja bakinta ta rufe.

Kawu Rachidi ya zo ya tsaya a gabanta. Ya ce ta zo. Suka zaga bayan tulin buhuna, inda warin albasa ke sa hawaye ko ba dalili.

"Yaya, mi kinka sa ciki?"

"Magani."

"Na malam?"

"Na asibiti. Hwarar ƙwaya."

Ya daɗe yana kallon ta. "Tun yaushe?"

"Tun shekarar da ka zuba naka a gulbi."

"Rubutun da anka ce ana sha mini hwa?"

"Babu rubutu."

"Wa ya sani?"

"Gida."

"Gida duka? Har surukai?"

Ta sunkuyar da kai. Ya zauna a kan buhu, ya ɗora hannuwansa a gwiwa, yana kallon yadda suke rawa kamar yau ya fara ganin su.

"Barcin ga hwa?"

"Majo ya ce shina sa barci."

"Majo ya ce." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yaya, na yi azumin nahila don barcin ga. Na tahi wurin liman na ce mishi shaiɗan ya zamna mini a ido, shi taimake ni. Ana ce mini Sarkin Barci ina dariya, in na koma ɗaki in ce ya Allah, wane irin malalaci ka yi ni, mutum shi kasa tashi salla. Shekara nawa ina roƙon gahwara kan abin da ba ni na yi ba. Kina ji ana buga mini ƙohwa da asuba. Kina ji."

"Na gan ka cikin mari, Rachidi. Kai ba ka ga kanka ba. Na ce ko mi za a yi, ba ka komawa."

"Ke gani kinka yi, Yaya. Ni a ƙahwata shike."

Ta so ta ce da ta tambaye shi da ya ƙi, amma ta san ba ta taɓa tambaya ba. Shekarar farko ƙila da gaskiyarta, lokacin ba ya rarrabe muryar mutum da ta rediyo. Sauran shekarun fa, da yake zaune kusa da ita lafiya lau, yana lissafin buhu ba kuskure, yana sasanta 'yan dako in sun yi faɗa?

Ya tashi ya je ya ce wa Alhaji ya yi haƙuri, bai shirya ba. Albasa ba ta jira. Aka sa wani, mota ta tafi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Inna Safi. Kawu Rachidi bai yi faɗa ba, bai fasa gaishe ta ba, amma ya daina cin komai na gida. Ko ruwan randa ba ya sha. A kasuwa ya ɗauke basillarsa ya koma can ƙarshen layi, yana sayen tuwo wurin wata Badendiya, 'yar ƙabilar Dendi. Rumfar Inna Safi kuwa ta zama kamar an yi mata shinge. Masu sha suka ragu, nono ya riƙa tsami a ƙwarya. Wasu sun ce direban ta so ta mallake, wasu sun ce ƙanen take ɗaurewa don kada ya yi aure ya bar ta.

Ba wannan ne ya dame ta ba. Idonsa take dubawa kowace safiya. Da farko ya washe, har ya riga ladan tashi, yana tafiya da sauri, yana raha. Mutanen gida suka ce ashe ma ya warke. Ita ta san wannan hasken, ta taɓa ganin sa. Maza suka fara cewa a shirya rawani tun da wuri. Mata suka ce a je a ga Badendiyar nan a asirce ta riƙa sa masa ƙwayar a tuwo, ai mace ce, za ta gane.

Inna Safi ta je kuwa. Ta ƙulla niƙaƙƙiyar ƙwaya a bakin zane, ta taka har rumfar matar da rana tsaka, lokacin da ba kowa. Suka gaisa da Dendanci, matar ta ba ta kujera. Inna Safi ta zauna tana murza ƙullin da yatsa, tana kallon tukunyar miya. Ta ga yadda abin zai kasance: zai ci, zai yi barci, zai gane, daga nan kuma babu sauran hannu a garin nan da zai yarda da shi, sai ya koma cin abin da ya tsinta. Matar ta ce, "Lafiya dai?" Ta ce lafiya, wucewa take yi. Ta tashi ta koma da ƙullinta. Da yamma ta gaya wa mazan gida cewa wanda duk ya taɓa shi da igiya, sai dai ya haɗa da ita.

Daga nan ba abin da ya rage mata sai jira, kuma ba ta saba da shi ba. Duk rayuwarta in abu ya taso wa Rachidi, tashi take ta yi wani abu.

Wata safiya tana kwance kayan rumfa sai ta ga inuwa a kanta. Shi ne. Idonsa ya yi ja, leɓensa ya bushe, amma a tsaye yake sosai.

"Jiya na bi ta bakin gada," in ji shi. "Rediyon can ta hwara."

Ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Ban amsa mata ba. Na san ba ni taka kira ba. Amma na ji." Ya share fuska da hannun riga. "Majon ga naki, shina danne mutane?"

"Ban taɓa gani ba. Surutu dai gare shi."

"Tashi ki raka ni."

Ta bar rumfa a buɗe. Suka tafi a ƙasa, yana gaba tana biye. Da suka isa aka kira su, ta miƙe za ta shiga kamar yadda ta saba, sai ya sa hannu a ƙofar.

"Ki jira nan, Yaya."

Ta koma kan benci cikin masu jiran awo da masu zazzaɓi. An daɗe a ciki. Ta ji muryarsa ta ɗaga sau ɗaya, ta yunƙura, ta koma ta zauna. Can kuma ta ji kamar dariyar Majo. Da ya fito akwai abu a aljihun rigarsa, bai nuna mata ba, ba ta tambaya ba. Majo Souleymane ya leƙo ya gaishe ta, ya tambayi kasuwa, bai ƙara komai a kai ba.

A hanyar dawowa suka iske motar Manzo ta dawo daga Kwatano ana sauke kaya. Kawu Rachidi ya tsaya a inda 'yan dako suka fi yawa.

"Manzo, hurar da yayata ta zubar, maganina na ciki. Na ciwon da kunka sani. Shina sa barci. Da ka sha, da ba ka wuce Guéné ba."

Manzo ya sauke butar da ke hannunsa. Ya dubi Inna Safi, ya dubi motarsa.

"To ai sai ki ce, Yaya Safi," in ji shi daga baya.

"Ba nata na ba, balle ta hwaɗa," in ji Kawu Rachidi.

Alhaji Abdurra'uf ya ji labari. Ya yi jinkiri, ya yi shawara, har aka ɗauka maganar ta mutu. Bayan salla ya aiko a ce wa Rachidi ya shirya.

Yanzu yana bin motar albasa. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai tafiyar da ya dawo a birkice ya yi makonni a gida, ya je wurin Majo da ƙafarsa, suka yi abin da suka yi. Barcin rana ya ragu, hannun bai daina rawa duka ba. Yana cin tuwon gida in an zuba a kwano ɗaya da sauran maza, amma abin da aka ware aka ce nasa ne shi kaɗai, ko daga hannun wa ya fito, ba ya taɓawa. Inna Safi ta lura. Masu shan furarta sun dawo, ban da 'yan kaɗan da suka fi son labarin farko.

Har yau ba ta san sunan abin da yake sha ba, ko da safe yake sha ko da dare. Takan ce wannan rashin sanin ya fi goyo nauyi. Dangi in sun zo daga Toumboutou ko Gaya, bayan an gaisa sukan matso kusa da ita su rage murya, su ce yaya jikin mutumin naki. Da can takan ba su labari dalla-dalla, yana zaune a tsakar gida yana jin ana ƙus-ƙus. Yanzu sai ta nuna shi da haɓa.

"Ga shi can. Ku tambaye shi."